Hasken Leza a Iskar Sakkwato: Inda Amfilifaya Ke Taimako da Inda Ƙarfinta Ke Ƙarewa

Tsakanin Brazzaville da Kinshasa kogin Kwango ne kawai, tazarar da ba ta kai kilomita 5 ba, amma wayar faiba da za ta haɗa biranen biyu sai ta yi zagayen kusan kilomita 400. A shekarar 2021 masu aikin Taara, shirin aika intanet da hasken leza, wanda a lokacin yake ƙarƙashin Alphabet uwar kamfanin Google, suka ɗora akwati ɗaya a kowace gaɓa, suka harba hasken leza ta sararin iska daga wannan zuwa wancan. Kamar yadda kamfanin ya bayyana, cikin kwana 20 bayanan da suka haye ruwan sun kai kusan terabait 700, layin kuma ya yi aiki kashi 99.9 cikin ɗari na lokacin. Ba a haƙa rami ko ɗaya ba.

Wanda ya san Sakkwato, da jin wannan labari hankalinsa zai koma fadamar Rima. Mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana ƙetaren ruwa, kuma ba a manta da ambaliyar 2010 da ta yanke hanyar da ke haɗa shi da gari ba. Abin da aka binne a gefen titi ruwa na iya tafiya da shi, katafilar mai kwangilar hanya na iya tsinke shi, ɓarawon da ya zaci tagulla ce a ciki na iya sare shi. Ga kuma kuɗin izinin haƙa: ko an tsaya a naira 145 kan kowace mita da aka amince da ita a matakin ƙasa, kafin waya ta kai Illela ko Goronyo kuɗin ya zama kaya, tun ba a taɓa kuɗin wayar da na lebura ba. Don haka sha'awar layin da ke bi ta iska ba son ƙyale-ƙyale ba ce. Buƙata ce ta gaskiya.

Sai dai iskar da hasken zai ratsa ba ta zama wuri ɗaya, tamu kuma tana da halinta. Duk sanda aka tayar da wannan magana, amsar da ta fi saurin fitowa ita ce a sa amfilifayar haske, wato na'urar da ke ƙara wa haske ƙarfi. Ni ina cikin masu ganin ƙimar wannan na'ura, domin ba don ita ba da leza ta iska ba ta fita daga ɗakin gwaji ta kai inda take yau ba. Amma ra'ayina shi ne iskar Sakkwato tana yi wa haske ɓarna iri biyu da ba su da dangi da juna, ta bazara daban, ta hunturu daban. Amfilifaya na rage ta farko sosai in an san inda za a sa ta. Ta biyun kuwa ta fi ƙarfinta, kuma wanda ya haɗa su wuri ɗaya a lissafi zai sayi kaya masu tsada su kwana a kan turke ba aiki.

Aika saƙo da haske ta iska ya girmi rediyo. A 1880 Alexander Graham Bell ya ɗora muryarsa a kan hasken rana ya aika ta tazarar mita 200 da ɗoriya a Washington. Leza ta zo a 1960, aka yi ta gwada ta a sarari, hazo da ruwan sama suka kashe wa mutane gwiwa, aka koma kulle hasken cikin zaren gilashi bayan Charles Kao ya nuna a 1966 cewa gilashi mai tsabta zai iya kai shi nesa. Masu sauraron rediyo sun saba da mita 16 da mita 19 a gajeren zango. Hasken da ake amfani da shi a nan zangonsa nanomita 1550 ne, wajen kashi ɗaya da rabi cikin dubu na milimita, kuma ido ba ya ganinsa. Ana kunna shi ana kashewa, ko a sauya masa kama, sau biliyoyi a sakan ɗaya, saƙon ke nan. An fi son wannan zango don dalili biyu. Ruwan da ke gaban ƙwayar ido yana shanye shi kafin ya isa can ƙurya inda jijiyoyin gani suke, saboda haka ƙa'idojin kare ido sun yarda a harba shi da ƙarfin da ya ninka na zangon 800 sau da yawa. Na biyu, a wannan zango ne masana'antar faiba ta duniya ta zuba jarinta, don haka kayansa suna nan a kasuwa da araha, har da amfilifayar da muke magana a kai.

In ka kwance murfin akwatinta ba za ka ga abin mamaki ba: zaren faiba ne nannaɗe, tsawon mita goma ko ashirin ko fiye kaɗan, da wata ƙaramar leza a gefe, da 'yan wayoyin lantarki. Sirrin yana cikin zaren. An cuɗa tsakiyarsa da wani ƙarfe da ake kira erbiyum. Ƙaramar lezar, mai zangon nanomita 980 ko 1480, aikinta ta yi ta ɗura wa ƙwayoyin erbiyum ƙarfi, su kuwa su riƙe shi na wajen kashi ɗaya cikin ɗari na sakan. Idan ƙwayar hasken saƙo ta zo wucewa ta gifta ƙwayar erbiyum da ke ɗauke da ƙarfi, sai ta sa ta saki ƙwayar haske irinta sak, zango ɗaya, alkibla ɗaya, taki ɗaya. Biyu su zama huɗu, huɗu su zama takwas, kafin a kai ƙarshen zaren haske ya ninku sau ɗari ko sau dubu, ba tare da an juya shi zuwa lantarki ba. David Payne na Jami'ar Southampton a Ingila da Emmanuel Desurvire na ɗakin binciken Bell a Amurka su ne suka fito da wannan tare da abokan aikinsu a 1987. Kafin nan kowace tasha a kan layi sai ta karanta saƙon, ta mayar da shi lantarki, ta sake haskawa. Amfilifayar erbiyum kuwa ba ruwanta da abin da saƙon ke cewa, kuma tana iya ɗaga launukan haske da dama a lokaci guda a tsakanin nanomita 1530 zuwa 1565. Wayoyin ƙarƙashin teku da ke sauka a Legas, irin su MainOne da Glo-1 da Equiano, da ita suke tafiya. Akwai ƙanwarta da ake ginawa a kan ɗan guntun semikondakta, ta fi ƙanƙanta da araha, amma ta fi surutu kuma ba ta kai ta ƙarfi ba.

Wuri na farko da ake sa amfilifaya shi ne bakin fita. Lezar saƙo ƙarfinta 'yan miliwat ne, amfilifaya ta ɗaga shi zuwa ɗaruruwan miliwat, wani lokaci wat guda ko fiye. Ana buƙatar haka domin haske na buɗewa yayin da yake tafiya. A yawancin ƙananan na'urori, duk kilomita ɗaya faɗinsa na ƙaruwa da kamar mita guda, kuma da gangan ake barinsa haka, don in an matse shi ƙwarai, ɗan lanƙwasar da ƙarfen turke ke yi idan rana ta gasa gefe ɗaya, ko girgizar iska, ta isa ta sa ya kauce wa mai karɓa. To a kilomita biyu haske ya yi faɗin mita biyu, gilashin da zai tare shi kuma santimita goma ne. Abin da ke shiga bai wuce kashi ɗaya cikin 400 ba, ko da iska ta yi tsit. Wannan asara ce tsayayya da ake iya lissafawa tun a takarda, kuma a nan amfilifaya ba ta da abokin gasa.

Matsalar bazara ba tsayayya ba ce. Ka hau bene a Mabera ko Runjin Sambo da azahar a watan Afrilu, lokacin da zafi ya haye digiri 40, ka tsura wa wani turken sabis mai nisa ido ta saman rufin kwanoni. Za ka ga ƙarfen yana lanƙwashewa yana miƙewa, fentinsa ja da fari na narkewa cikin juna, saman gine-ginen da ke bayansa na rawa. Turken bai motsa ba. Ƙasa da kwalta da kwano sun fi iskar da ke samansu zafi nesa ba kusa ba, suna dafa wadda ta taɓa su, ita kuma ta tashi ƙullutu-ƙullutu ta kutsa cikin mai ɗan sanyi. Iska mai zafi ba ta kai mai sanyi kauri ba, haske ya fi sauri a cikinta. Bambancin ɗan mitsitsi ne, kusan kashi ɗaya cikin miliyan a kan kowane digiri, amma hasken da zai yi kilomita biyu sai ya ratsa dubban waɗannan ƙullutai, kowanne ya ɗan karkatar da shi. Kawalwalniyar da direba ke gani a hanyar Tambuwal da ƙyaftawar taurari da dare duk daga wannan tushe suke.

Manyan ƙullutai, waɗanda suka fi hasken faɗi, suna ture shi gaba ɗayansa, ya yi ta yawo a gefen gilashin mai karɓa. Ƙanana kuwa suna daddatsa shi, wani yanki ya riga wani isowa, su haɗu a bakin gilashi, a wani gurbi su ƙarfafa juna, a wani su kashe juna. Da za ka iya ganin hasken a jikin farin bango, da ka ga dabbare-dabbare na haske da duhu suna ta musayar wuri. Lissafin wannan hargitsi ya samo asali daga aikin Andrey Kolmogorov na Rasha a 1941, Tatarski ya ɗora shi a kan haske daga baya. Abu uku daga cikinsa ya kamata mai kafa layi ya riƙe. Tsakanin iska mai natsuwa da mai tsananin hargitsi, ma'aunin na iya bambanta har sau dubu goma. In ka ninka nisa sau biyu, rawar hasken ba sau biyu take ƙaruwa ba, wajen sau uku da rabi ne, har sai ta kai wani matsayi ta tsaya. Sannan da rana hargitsin na raguwa da sauri in aka yi sama: wanda ya ɗaga na'urarsa daga mita 5 zuwa mita 40 zai iya rage shi kusan sau goma sha shida. Ina ganin wannan na ƙarshe ya fi kowane amfani a gare mu, kuma shi aka fi mantawa, domin ƙarin tsayin turke ba ya cikin kasidar mai sayar da kaya.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Hargitsin iska ba ya cire wani adadi tsayayye daga haske, raba shi yake yi. In ya raba shi gida ɗari a wannan ƙiftawa, to ko ka ninka ƙarfin fita sau goma, rabawar gida ɗari tana nan, ka dai ɗaga benen da ake faɗowa daga kai. Kowace faɗuwa tana ɗaukar kashi ɗaya zuwa goma cikin dubu na sakan. Ga ɗan Adam wannan ba komai ba ne. Ga layin gigabit 10 kuwa, kashi ɗaya cikin dubu na sakan bit (ƙwayar bayani, sifili ko ɗaya) miliyan goma ne suka salwanta a jere. Dabarun gyaran kuskure da aka gina don faiba sun saba da kuskure ɗaya nan ɗaya can, ba su saba da rami mai wannan faɗi ba, sai an watsa saƙon cikin lokaci mai tsawo an sake tattara shi, abin da ke jawo jinkiri.

Saboda haka ni na fi ba amfilifayar bakin shiga muhimmanci, wadda ake sawa gaban na'urar da ke karanta haske. Ita na'urar karatun tana da nata surutu na lantarki da zafi ke haifarwa, kuma haske mai rauni nutsewa yake a cikinsa. Ita kaɗai sai ta samu dubban ƙwayoyin haske kafin ta tabbatar da bit ɗaya. In aka ɗaga hasken sau dubu kafin ya iso gare ta, surutun nata ya zama ba a bakin komai ba, buƙatar ta sauko zuwa ƙwayoyi ɗari ko kusa da haka, a lissafin takarda ma 38. Ma'ana faɗuwar da a da za ta yanke layi, yanzu layin zai haye ta.

Amma ba kyauta ba ce. Duk wanda ya taɓa zama kusa da akwatin amfilifayar masallaci ya san abin: in ladan ya murɗa ta sama don muryar liman ta kai sahun waje, shuuu ɗin da ke cikin lasifika ma tashi yake, in kuma liman ya kau da baki daga makirufo, shuuu ɗin ne kaɗai ke fita, komai yawan murɗawa. Ƙwayoyin erbiyum da aka ɗura wa ƙarfi ba duka ke jiran saƙo ba. Wasu sakin haskensu suke da kansu, wannan haske marar saƙo ya bi zaren, shi ma a ninka shi. Kuma ba sakacin maƙeri ba ne. Carlton Caves ya nuna a 1982 cewa dokokin kimiyyar ƙwayoyin zarra da na haske sun tilasta wa irin wannan amfilifaya ta rage tsabtar saƙo aƙalla da rabi, desibel 3 a ma'aunin injiniyoyi, na kasuwa kuwa sukan kai 4 zuwa 6. Akwai wani nau'i da ke kauce wa wannan iyaka, wanda masu bincike a Jami'ar Chalmers ta Suwidin suka karanta saƙo da shi a 2020 da kusan ƙwayar haske ɗaya kan kowane bit, amma a ɗakin gwaji ne, bai kai ga hawa turke ba.

Akwai wata dabara da ke burge ni ƙwarai, don ta mayar da aibin na'urar ya zama alheri. Amfilifaya tana da iyakar abin da za ta iya fitarwa. In haske mai yawa ya shigo, ya kwashe ƙarfin da erbiyum ya tara, ninkawar ta ragu. In ya yi rauni, ƙarfin ya sake taruwa, ninkawar ta ƙaru. A layin faiba wannan ƙoshi abin gudu ne a wurare da dama. A layin iska kuwa, in aka tura ta cikin ƙoshin da gangan, ita da kanta za ta danne haske idan ya yi yawa, ta ɗaga shi idan ya faɗi, abin da ke fita ya fi abin da ya shiga natsuwa. Abin da ya sa haka ke yiwuwa shi ne lokutan uku sun jeru daidai: bit ɗaya na wucewa cikin kashi ɗaya cikin biliyan goma na sakan, ya yi wa erbiyum sauri, ba ya ko lura da shi balle ya ɓata shi, rawar iska kuma ta fi erbiyum nawa, don haka yana iya bin ta. Masu bincike a Jami'ar Laval ta Kanada sun gwada wannan sun wallafa a 2006. Ta semikondakta kuwa saurinta ya yi yawa, tana bin kowane bit tana tauye shi, sai an yi mata dabara ta musamman. Amfanin wannan natsuwa a fili yake: ma'aunin da na'ura ke raba sifili da ɗaya da shi ba ya ta hawa da sauka, kuma haske mai ƙarfi ba ya makantar da ita. Sai dai a lokacin faɗuwa mai zurfi, abin da amfilifayar ke cike gurbin da shi surutu ne. Mita za ta nuna ƙarfi lafiya lau, saƙo kuwa babu.

Duk wannan ma sai hasken ya shiga amfilifayar tukuna, kuma shigar ita ce mafi wuyar aikin. Tsakiyar zaren faiba da haske ke bi faɗinta mikron 9 ne, gashin kan mutum ya ninka ta wajen sau takwas. Hasken da gilashin santimita goma ko ashirin ya tara dole a matse shi cikin wannan ɗigo, kuma zaren ba ya karɓar kowane irin haske, sai mai kama ɗaya, wanda duk sassansa suka iso tare. Ko iska ba ta taɓa shi ba, abin da zai shiga bai wuce kashi 80 cikin ɗari ba. Hasken da ya ratso azahar ɗin Afrilu kuwa a yamutse yake isowa, ɗigon ya tarwatse, yana tsalle a bakin zaren. A nan wata sarƙaƙiya ke fitowa. Babban gilashi maganin rawar haske ne, domin yana tattara gurbi mai haske da mai duhu a lokaci guda su daidaita juna. Amma da zarar gilashin ya fi faɗin yankin da haske ke tafiya da taki ɗaya, wanda da tsakar rana kusa da ƙasa kan sauko zuwa 'yan santimita, ƙarin girman ba ya ƙara abin da ke shiga zaren. Ka nemi amfilifaya don ka tsira daga faɗuwar haske, ƙofarta ta haifar maka da wata faɗuwar.

Maganin da ake da shi iri-iri ne, kowanne da kuɗinsa. Mafi sauƙi ƙaramin madubi ne mai juyawa da sauri, yana bin ɗigon yana mayar da shi bakin zare. Wasu suna jera ƙananan gilasai uku ko huɗu da ɗan rata a tsakaninsu, kowanne da amfilifayarsa, domin da wuya duhu ya faɗa musu duka a lokaci ɗaya. Mafi tsada shi ne madubi mai sauya siffa, dabarar da masu nazarin taurari suka fara tunaninta tun 1953. Da irinsa masu bincike na jami'ar ETH Zurich da abokan aikinsu suka aika kusan terabit ɗaya a sakan daga Jungfraujoch zuwa kusa da birnin Bern a Suwizalan, tazarar kilomita 53, madubin na gyara kansa sau 1,500 a sakan. A Jamus ma cibiyar binciken sararin samaniya ta DLR ta kai terabit 1.72 a kan kilomita 10 da ɗoriya a 2016. Waɗannan alƙaluma na gaskiya ne, amma a lura a kowanne gwaji ɗaya bakin layin a kan dutse yake, can sama da ƙasa mai zafi, a iskar da ba ta san ƙurar hunturu irin tamu ba.

Mu kuwa mun san ta. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, wani lokaci har cikin Maris, iskar arewa maso gabas na kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, wanda ya fi ko'ina a duniya fitar da ƙura, ta shimfiɗa mana ita. Rana ta zama farin faifai da ake iya kallo da ido, mai mota ya kunna fitila da hantsi, jirgin da zai sauka a filin Sultan Abubakar III ya fasa. Mai faranten sola ya share su da safe, kafin la'asar ya iya rubuta sunansa a kai da yatsa. Ƙura ba ta raba haske na ɗan lokaci ta sake shi yadda hargitsin zafi ke yi. Watsa shi take, kowace mita ta cinye wani kaso na abin da ya rage, awa bayan awa. Akwai lissafin kusa-kusa da ake yi daga nisan da ido ke iya gani. In hazo ya rage shi zuwa rabin kilomita, kowace kilomita na iya rage hasken zuwa kusan kashi ɗaya cikin dubu. Zangon 1550 yana ɗan fin hasken ido ratsa ƙura mai laushi, amma sassauci ne, ba kuɓuta ba. To amfilifayar da ke ninka haske sau dubu, a irin wannan rana kilomita ɗaya kacal ta saya maka. Layin kilomita uku zai buƙaci ninki biliyan, kuma babu wannan, don abin da ya iso bai kai ƙwayoyin da za a karanta ba. Kashi 99.9 cikin ɗari na shekara yana nufin layi ya tsaya ƙasa da awa tara a wata goma sha biyu. Yinin hazo guda ya isa ya cinye wannan. Ga holoƙon da ke gabatar damina a Mayu da Yuni, ga ƙurar da ke kwanciya a kan gilashin kansa.

Ba ina cewa a haƙura ba ne. Abin da lissafin ke nunawa shi ne a gajarta zango. Wuri na uku da amfilifaya ke zama shi ne tsakiyar hanya: turke ya tari haske, ya ɗaga shi, ya sake harbawa ba tare da ya karanta ba. Raba kilomita huɗu gida biyu yana rage rawar kowane rabi fiye da sau uku, asarar ƙura kuma a biya ta kashi-kashi kafin haske ya mutu. Kuɗinsa shi ne surutun kowace tasha na hawa kan na baya, kowace tasha kuma tana son wuta da sanyaya da mai gadi, lezar da ke ciyar da erbiyum kuwa ba ta son zafi. Sannan a haɗa hasken da rediyo mai zangon gigahaz 70 zuwa 80. Shi ruwan sama mai ƙarfi ne ke karya shi, ƙura ba ta cika damunsa ba, haske kuma ya fi jure ruwan sama a kan hazo. A garin da damina ke wata huɗu, hunturu ke nasa watannin daban, da wuya su faɗi tare. Sauri zai ragu a ranar hazo, amma asibiti ko banki ko ɗakin jarrabawa ba zai yanke ba. A sararin samaniya, inda babu iska, taurarin ɗan Adam na Starlink na magana da juna da leza a kan dubban kilomita, NASA ma ta sauko da megabit 622 a sakan daga kumbon da ke zagaya duniyar wata tun 2013. Kada wannan ya ruɗe mu, kilomita biyu na saman kwanonin Sakkwato aiki ne dabam.

Abin da ya fi damuna shi ne yawancin ƙirar da ake gwada waɗannan na'urori da ita an gina ta ne kan hazon ruwa na ƙasashen sanyi. Wanda zai sayo wa wata hukuma ko kamfani a nan yana da haƙƙin ya tambayi mai sayarwa: Malam, rarar ƙarfin da ka rubuta desibel nawa ce, a wane nisan gani aka lissafa ta, kuma nawa ne ya rage bayan an cire asarar shiga zare da tsakar rana? Amsar ma ba za ta yi amfani ba sai muna da namu awon da za mu gwada ta da shi. Rabin awon yana nan, domin hukumar kula da yanayi ta NiMet tana rubuta nisan gani a filin jirgi shekara da shekaru, sai dai a tattara a ga awa nawa a shekara yake sauka ƙasa da kilomita ɗaya. Ɗaya rabin, na hargitsin zafi, aiki ne da sashen kimiyyar lissafi da na injiniya a jami'a za su iya, ga kuma Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato da ta daɗe tana auna rana. Kayan ba su da yawa: ƙaramar leza a kan bene ɗaya, gilashi da na'urar karanta haske a kan wani, faranti da batir, da ɗalibin da zai goge gilashin kullum ya rubuta lokacin da ya goge. A yi layi ɗaya ta saman unguwa mai rufin kwano, ɗaya ta saman fadama inda ƙasa ke da laima, a tsayi biyu daban-daban, a kauce wa miƙa shi gabas da yamma sak don kada rana ta leƙa cikin gilashin da safe ko da yamma. A bar shi ya ga bazara da damina da hunturu. Kuma na'urar ta riƙa ɗaukar awo sau dubbai a sakan, domin wadda ke ɗauka sau ɗaya a sakan matsakaici kawai za ta rubuta, faɗuwar da ke yanke layin ta wuce ta ba ta gani ba.